Tsiron Da Ya Rufe Itatuwa

Akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira kudzu. Dangin wake ne, asalinsa kuwa daga ƙasashen Japan da Sin. Mutanen can sun san amfaninsa tun kaka da kakanni. Daga saiwarsa suna samun farin gari na abinci, da magani kuma. Da zarensa suna saƙa tufa. Ganyensa harawa ce mai kyau. Furensa shunayya ne, mai ƙanshi kamar 'ya'yan inabi, har akan dafa shi da sukari a shafa a burodi.

A shekara ta 1876 aka kai shi Amurka, aka nuna shi a wani babban taro a birnin Filadelfiya. Mutane suka shuka shi a ƙofar gida domin inuwa. Bayan 1930, da aka ga ruwa yana kwashe ƙasar gonaki a kudancin Amurka, gwamnati ta riƙa biyan manoma har dala 8 a kowace eka su shuka shi. Ya kuwa riƙe ƙasa. Amma da aka bar shi ba mai yanka, sai ya haye shinge, ya hau turakun waya, ya rufe kangaye da kurmi, gama da zafi yana iya ƙara tsawon ƙafa guda a yini ɗaya. A 1970 gwamnatin da ta biya a shuka shi ta lissafta shi cikin mugayen ciyayi.

Mu lura da yadda yake kashe itace. Ba shi da dafi, ba shi da ƙaya. Hawa kaɗai yake yi har ya tare hasken rana. Daga nesa sai a ga kore shar, a ciki kuwa itacen ya bushe.

Cikin Markus sura 4 Ubangijinmu ya yi mana faɗaka a kan abubuwan da ke shaƙe Maganar Allah. Ba mugayen abubuwa kaɗai ke yin haka ba. Ciniki, da gona, da neman kuɗin makarantar yara, duk kyauta ce daga wurin Allah. Amma mu tambayi kanmu. Addu'ar asuba da muka saba yi da iyalinmu, tana nan? Kasuwa ba ta cinye mana Lahadi ba? Mai yiwuwa ne ana ganinmu a majami'a da tufafi masu kyau, zuciya kuwa ta daɗe ba ta ga haske ba.

Sara ɗaya ba ya kashe kudzu, gama saiwarsa babba ce, takan sake toho. Sai a yi ta yanka, ko a saki awaki su yi ta ci shekara da shekaru, har ƙarfin saiwar ya ƙare. Haka yake gare mu. Tuban rana ɗaya a taron falkaswa bai isa ba. Kowace safiya sai mu sa wa aikinmu iyaka, mu ba Yesu wuri na fari.

Allah ya ba mu ikon yin haka. Amin.