Tsirkiya da Tawakkali

A ƙauyukan da ke kewaye da Potiskum, tsakanin maharba da Fulanin da ke koro shanu zuwa babbar kasuwar garin, har yau baka yana aiki. Wanda ya sassaƙa sabo ba ya shiga daji da shi a ranar. Sai icen ya bushe, ya gasa shi sama-sama ya miƙar da inda ya karkace, ya shafe shi da kitse, sannan ya ɗaura tsirkiya. Ita kuwa tsirkiyar fata sakewa take yi. In ta saki, sai ta doki hannu, kibiya ta faɗi kusa. In an murɗa ta fiye da kima, bakan ya tsage. Kibiyarmu ba gashi a gindinta, don haka dole ya ɗora kyauron a ido ya duba miƙewarsa, ya auna nauyin ƙarfen. To, mutumin da ya yi imani cewa barewa ba ta mutuwa sai kwananta ya ƙare, me ya kai shi wannan wahala?

A ganina wahalar tana cikin imanin. Aya ta 60 a Suratul Anfal ta umarci Musulmi su yi tanadin ƙarfi, kuma a hadisin Uƙbatu ɗan Amir da ke cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya fassara ƙarfin da harbi. Wanda aka umarta da harbi an umarce shi da gyaran abin harbin, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ranar Uhudu maharba hamsin aka tsayar kan dutse ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu. Da yawancinsu suka sauka, yaƙi ya juya, alhali Manzo yana cikin rundunar. A Tabkin Kwatto ma, a 1804, 'yan baka ne suka tare wa jama'ar Shehu dawakin Gobir.

Wani zai ce, ai aya ta 17 a surar nan ta jingina jifa da ƙasa na ranar Badar ga Allah. Haka ne, amma ayar ba ta kore jifan ba sai da ta tabbatar Manzo ya yi shi. Ɗebo ƙasar da watsa ta nasa ne, isar da ita idanun abokan gaba na Allah ne. Maharbi ya fi malamin zaure sanin wannan iyaka: tsirkiya da kyauro da saiti suna hannunsa, amma da zarar yatsu sun saki, iska ta taso ko dabba ta zabura, ba shi da ta cewa. Kuskuren ƙwararre bai nuna gyaran banza ba ne, ya nuna inda ikon bawa ya tsaya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne laya da guru, waɗanda wasu maharban ke kira dogaro. Su ma fa sababi ne aka riƙa, sai dai sababin da ba a iya gwada shi. In tsirkiya ta saki da damina, hannu zai ji, a kwance a sake murɗawa. In laya ta ƙi ci, sai a ce an karya sharaɗi, ko wani ya yi sammu, a koma a sayo wata.