Tukunya Ɗaya, Ma'auni Dabam-dabam

A gidajen masu bi da yawa a Jimeta da Yola, tukunya biyu ake ɗorawa da yamma. Ɗaya ta iyali ce, ɗayar kuwa ta uwa, wadda likita ya gaya mata cewa jininta ya hau ko sukari ya yi mata yawa, sai ta rage ƙiba. Wata uwar ma ba ta ɗora ta biyun. Takan zuba wa yara tuwo, ta koma gefe da kofin ruwan zafi, ta ce ta ƙoshi. Yaran suna ci, suna kuma kallonta.

Neman rage ƙiba saboda lafiya ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ya kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki, haikali kuwa yana bukatar kulawa. Niels Bronnum, ɗan ƙasar Denmark da ya iso Numan da bishara a 1913, likita ne, don haka wa'azi da magani tare suka shigo wannan yanki. Abin dubawa shi ne yadda ake yinsa a gidan da ƙananan idanu suke koyon kome daga manya.

Sura ta fari ta littafin Daniyel ta ba da labarin samari huɗu a fadar Babila waɗanda suka ƙi abincin sarki, suka roƙa a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Ba rama suke nema ba. Gudun ƙazantuwa ne ya sa su, kuma da kwanakin suka cika, an tarar sun fi masu cin abincin sarki kyan gani da cikar jiki. Amma akwai abin da ake yawan tsallakewa a labarin: Daniyel bai keɓe kansa da kwanonsa ba. Shi da Hananiya da Mishayel da Azariya abu ɗaya suka ci. Sauyin abinci da mutum ɗaya yake ɗauka a ɓoye yakan karye kafin wata ya ƙare, wanda gida duka ya ɗauka kuwa yakan daɗe.

Yawancin abin da likita yake nema daga uwa alheri ne ga 'ya'yanta ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin da babba yake ci a rana ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, na yara kuma ƙasa da haka. Dunƙulen magi yana cikin wannan lissafi, gama yawancinsa gishiri ne, daddawa kuwa tana ba miya ɗanɗano tun kafin a san shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola yakan wuce digiri 40, lemon kwalba ne ake miƙa wa yaro, alhali ruwa jikinsa yake nema. Alayyaho da yakuwa da kuɓewa na lambunan Geriyo suna nan a kasuwar Jimeta, ga zogale, ga wake, ga kifin Binuwai da kindirmon Fulani. Gaskiya ne, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 cefane ya yi tsada. Duk da haka ƙullin ganye bai kai kuɗin shayin rage ƙiba ba, wanda galibinsa filasko ne mai sa gudawa. Ruwan jiki yake fitarwa, kitsen yana nan inda yake.

Tukunya ɗaya ba ta nufin ma'auni ɗaya. A Fitowa sura 16, kowane gida ya tattara manna gwargwadon masu ci a cikinsa, ba wanda ya rasa. Uwa za ta iya rage malmalar tuwonta ta ƙara miyar ganye, amma yaro mai girma yana bukatar rabonsa cikakke, har da mai da gyaɗa da ƙwai. Kada a ɗora masa dokar da likita ya ɗora wa babba. Mai ciki da mai shayarwa kuma ba lokacin horon ciki suke ba. Jariri yana dogara ga nono zalla har wata 6, jikin uwa kuwa yana bukatar ƙarin abinci domin wannan aiki. Sa'ad da Iliya ya faɗi a gajiye a jeji, mala'ikan Ubangiji bai yi masa faɗa ba. Sau biyu ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, domin tafiyar da take gabansa mai nisa ce. Renon yara ma doguwar tafiya ce.

Abin da ya fi tukunya nauyi shi ne harshe. Yarinyar da take jin uwarta tana tsaki a gaban madubi tana kiran kanta buhu, nan gaba za ta auna nata jikin da wannan ma'auni. Uban da yake yi wa matarsa ba'a a kan cikinta a gaban yara, ya koya wa ɗansa yadda zai yi wa tasa matar. Haka kuma yarinyar da ake kira tsinke tun tana ƙarama, ita ce wadda za ta je kanti ta sayi ƙwayar sa ƙiba, wadda takan kumbura fuska, ta hau da jini da sukari. Bulus ya koya wa Timoti a karɓi abinci da godiya. Da wuya yaro ya yi addu'ar godiya a kan abin da ya ji ana zagi minti biyu da suka wuce.

Akwai iyalai a Jimeta da suka gudo daga Mubi da Michika da Madagali a 2014, suka kwana a harabar majami'u suna jiran rabon abinci. Wanda ya ga irin wannan yunwa ba ya jure ganin saura a kwano, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai tilasta wa yaro ya cinye bayan ya ƙoshi yana kashe masa sanin ƙoshi. Gara a zuba masa kaɗan, in ya nema a ƙara. Kada kuma hana abinci ya zama bulala, ko alewa ta zama ladan biyayya.

Saura maganar azumi, gama nan ne ake yawan cuɗa abubuwa biyu. Wasu sukan shiga azumin farkon shekara da ma'auni a zuciya, suna ƙirga abin da ya ragu a jiki. Yesu ya koyar a Matiyu sura 6 cewa azumi tsakanin mutum ne da Ubansa na sama. In yaro ya tambayi abin da ya hana Mama ci, a gaya masa gaskiya: yau tana azumi domin addu'a, ko kuwa likita ya ce ta rage gishiri domin jininta ya sauka. Mai ciwon sukari da yake shan magani kuwa, ya fara tuntuɓar likitansa kafin ya ɗauki azumi, domin sukarin jini yana iya faɗuwa ƙwarai in an sha maganin ba a ci abinci ba.