SHIN WUCEWAR WA'ADI TANA KASHE HAƘƘI?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kotunan Tasawa da Mayahi kan cika da ƙararrakin gona da gado da aure da bashi. Mafi yawan masu zuwa can manoma ne da makiyaya waɗanda ba su da lauya, domin galibin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Idan an yanke hukunci, doka ta bai wa wanda bai yarda ba damar ɗaukaka ƙara, amma cikin wa'adi ƙayyadadde. A shari'ar laifuffuka ƙanana kwana 10 ne. Wanda aka yi wa hukunci yana nan, daga ranar ake soma ƙirga masa. In ya koma ƙauye yana shawara da dangi, ko yana jiran cin kasuwa ya sami kuɗin mota, sai ya dawo ya tarar an rufe ƙofa. To, adalci ne a ƙara masa kwanaki, ko kuwa adalci shi ne a ce bakin alƙalami ya bushe?

Mu fara da hujjar masu tsanantawa, domin tana da ƙarfi. Husuma wadda ba ta da ƙarshe ita ma zalunci ce. Wanda aka hukunta wa gona yana son ya yi shuka da ruwan farko, hankalinsa kwance. Marayu suna son a raba gado su ci abinsu. Kuma cewa "ban sani ba" abu ne mai sauƙi a bakin kowa, mai gaskiya da mai wayo. Musulunci bai ƙi wannan ba. A cikin wasiƙar da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya aika wa Abu Musal Ash'ari, ya umurce shi da ya yanka wa mai da'awar hujja lokaci; in lokacin ya cika bai kawo ba, a yi hukunci a kansa. Ashe wa'adi ba baƙon abu ba ne a shari'armu.

Sai dai a cikin wannan wasiƙa ne kuma ya gargaɗe shi kada hukuncin jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana yau. Malamanmu na Malikiyya a kan waɗannan ƙafafu biyu suka tsaya. Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya bayyana a Tuhfatul Hukkami cewa tsawon wa'adi yana komawa ne ga ijtihadin alƙali. Sun kuma wajabta i'izari, wato kafin hukunci a tambayi mutum ko yana da sauran hujja. In lokacinsa ya cika, akan yi masa ɗan jinkiri da suke kira talawwumi. Ko bayan an yanke cewa ya gaza, akwai al'amuran da ba a rufewa, kamar saki da nasaba da waƙafi.

Ku dubi kuma mas'alar hauzi. A Risala da Mukhtasar, wanda ya ga wani yana riƙe da gidansa shekara 10 bai yi magana ba, ba a sauraron ƙararsa. Amma da sharaɗi: ya kasance yana nan, yana sane, kuma babu abin da ya hana shi magana. Ke nan ba kwanaki ne ke yanke da'awa ba, shirun mai sani mai iko ne ke yanke ta. Shirun wanda bai san an buɗe masa ƙofa ba kuwa, ba yarda ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka, abin da ya fi kusa da adalci shi ne a riƙe wa'adi, amma a bambance mai sakaci da mai uzuri. A sanar da marar lauya, a ranar hukunci kuma da harshensa, kwana nawa gare shi da inda zai je. Tun da a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, wannan bai kamata ya gagara ba. Wanda ciwo ko tsarewa ko yankewar hanya da damina ta hana, ya kawo shaida, kuma bai yi jinkiri ba bayan uzurin ya kau, ya cancanci a saurare shi. Wanda ya sani ya yi kwance, ya zargi kansa.

Amma kai da ka ci nasara don wa'adin ɗan'uwanka ya wuce, alhali ka san gonar tasa ce, ka ji tsoron Allah. Ya tabbata a hadisin Ummu Salama, cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda aka hukunta wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya zance, yankin wuta aka yanka masa. Takardar kotu tana kashe husuma a duniya, ba ta halatta haram. Wa'adin Lahira bai wuce ba.

Mu kuma jama'a akwai namu nauyin. Wanda bai gamsu da hukunci ba, kada ya bar harabar kotu sai ya tambayi magatakarda wa'adinsa, ya kuma adana kowace takarda da aka ba shi. Tun 2011 aka kafa hukumar ƙasa mai taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, a nemi ofishinta a babbar kotun Maraɗi. Masu ilimin boko su raka maƙwabtansu, sadaka ce. Sulhu a gaban malamai da sarakuna kuwa, tun kafin a kai ga kotu, shi ya fi alheri.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.