Garari da Almubazzaranci: Hukuncin Biyan Kuɗin Abinci Kafin Yunwa

Manyan wuraren shaƙatawa na Amurka, waɗanda suka haɗa filayen wasanni da otal-otal da gidajen abinci a harabar kamfani ɗaya, sun daɗe da gane cewa baƙon da ya kwana a cikinsu ba shi da wata kasuwar da zai nufa idan yunwa ta kama shi, don haka suka ƙirƙiro hanyoyin karɓar kuɗin abincinsa tun kafin ya ji yunwar. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara: katin rangwame, wanda mutum ke saye da kuɗi domin a riƙa rage masa farashi duk lokacin da ya ci abinci, da kuma tsarin biya tun farko, wanda mutum ke biyan kuɗin abincin kwanakin hutunsa gaba ɗaya kafin ya iso. Masu yawon buɗe ido sukan kwatanta hanyoyin biyu ta fuskar araha kawai, amma a ƙarƙashin wannan lissafi akwai tsohuwar tambaya ta fiƙihu, wato ko ya halatta mutum ya ba da kuɗi sananne a kan amfanin da bai san yawansa ba, akwai kuma tambaya ta tarbiyyar rai, wato abin da irin wannan ciniki ke yi wa mai ci.

Walt Disney World, wanda aka buɗe kusa da birnin Orlando na jihar Florida a 1971, ya gudanar da hanyoyin biyu a lokaci guda na tsawon shekaru, don haka ya dace da wannan nazari. Katinsa na rangwame, mai suna Tables in Wonderland, an riƙa sayar da shi ne ga mazauna Florida da masu tikitin shiga na shekara da membobin ƙungiyar masu hannun jari a masaukan kamfanin, kuma kafin a dakatar da shi a 2020 kuɗinsa ya kai dala 150 a shekara ga masu tikitin shekara, da dala 175 ga mazauna jihar. A wancan lokacin, mai katin yana samun ragin kashi 20 cikin ɗari na kuɗin abinci da abin sha a gidajen abincin da ke cikin tsarin, shi da waɗanda suka zauna tebur ɗaya da shi har zuwa mutum goma, sai dai ana ɗora masa tukuicin ma'aikata na kashi 18 cikin ɗari kai tsaye. Ɗaya tsarin kuwa, wato Disney Dining Plan, an fara shi a 2005, annobar korona ta dakatar da shi a 2020, sannan aka dawo da shi a watan Janairu na 2024. A cikinsa ana ba kowane baƙo, a kan kowane daren da zai kwana, tikitin abinci ɗaya a gidan da ma'aikaci ke kawowa tebur, da tikiti ɗaya a inda mutum ke karɓa da kansa a kanta, da tikitin abin taɓawa, tare da kofin da ake sake cikawa da lemo a otal. Dole ne a sayi tsarin ga duk mutanen ɗakin da dukan kwanakin, yaro ɗan shekara goma ana lissafa shi a kuɗin babba, kuma duk tikitin da ba a yi amfani da shi ba yana ƙonewa da tsakar daren ranar tafiya.

Mizanin da malaman fiƙihu ke auna irin wannan ciniki da shi shi ne garari, wato rashin tabbas game da samuwar abin da aka saya, ko yawansa, ko siffarsa, ta yadda ɗaya daga cikin masu cinikin zai iya fita da riba ɗayan kuma da hasara ba tare da an san wanda zai zama wane ba. Hanin cinikin garari ya tabbata a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Imam Malik ya ware masa babi a Muwaɗɗa, kuma ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantun zaure sun san misalansa, irin su sayar da kifin da ke cikin kogi, da ɗan da ke cikin cikin dabba, da raƙumin da ya tsere. Sai dai malamai ba su taɓa cewa kowane rashin tabbas yana ɓata ciniki ba, domin da haka ne da kasuwa ta tsaya cak. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kasa garari gida uku: mai yawa wanda aka haɗu a kan haninsa, kamar tsuntsu a sararin sama, da kaɗan wanda aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin gidan da mai saye ba ya gani, da kuma matsakaici wanda a kansa ake saɓani. Nawawi ma ya kawo misalin gidan wanka na haya, inda kowa ke biyan kuɗi ɗaya alhali wani yana kwarara ruwa fiye da wani, ya nuna cewa malamai sun yarda da halaccinsa.

Idan aka ɗora katin rangwame a kan wannan mizani, lissafinsa a fili yake. Wanda ya biya dala 150 domin ragin kashi 20 cikin ɗari ba zai mayar da kuɗin katinsa ba sai ya ci abincin dala 750 a cikin shekarar, wanda ya tsaya a dala 500 ya yi hasarar dala 50, wanda kuwa ya kai dala 2,000 ya tsira da dala 250. A ranar da aka ƙulla cinikin babu abinci ko wani kaya da ya shiga hannun mai saye, abin da ya karɓa alkawarin ragi ne wanda girmansa ya rataya a kan abin da bai faru ba tukuna. Wannan ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 18 da ta yi a Makka a 2006, ta yanke cewa bai halatta a sayar ko a sayi katin rangwamen da ake biya wa kuɗi ba saboda gararin da ke cikinsa, amma ta halatta wanda ake bayarwa kyauta, domin a ƙa'idar fiƙihu ana yafe garari a cikin kyauta, tunda wanda aka ba kyautar bai zuba komai ba balle ya yi hasara. Akwai malaman zamani da suka sassauta, musamman idan mai gidan abincin ne da kansa ya fitar da katin ba wani ɗan tsakiya ba, kuma mai saye ya san daga al'adarsa cewa zai wuce iyakar mayar da kuɗin, domin a ganinsu rashin tabbas ɗin ya ragu har ya shiga sahun wanda ake yafewa. Iyalin da ke zaune a Orlando, suna cin abinci a wurin kowane wata, sun fi kusa da wannan sassauci fiye da baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Tsarin biya tun farko ya fi samun gindin zama a fiƙihu, domin yana da dangi biyu a cikin cinikayyar da aka halatta. Na farko shi ne salam, wato biyan kuɗi nan take a kan kayan da za a kawo daga baya, wanda hadisin Ibn Abbas ya halatta da sharaɗin a san awo da nauyi da lokaci. Na biyu shi ne abin da Malikiyya ke kira cinikin mutanen Madina, wato mutum ya ƙulla ciniki da wanda sana'arsa ba ta yankewa, kamar mahauci ko mai gashin burodi, a kan ya riƙa karɓar wani adadi sananne kowace rana, kuma Mukhtasar na Khalil ya ambaci halaccinsa. A tsarin Disney an san yawan tikiti, an san kwanaki, an san jerin gidajen abinci, kuma mai sayarwa ba ya rasa abin bayarwa. Abin da ya rage a duhu shi ne ƙimar kowane tikiti, tunda tikiti ɗaya yana iya sayen farantin taliya mai araha ko yankan naman sa mai tsada, sai dai wannan zaɓi yana hannun mai saye, kuma ya yi kama da bambancin masu wanka a misalin Nawawi. Wurin da ya fi buƙatar tsayawa shi ne ƙonewar tikiti, domin kuɗin abincin da ba a ci ba yana zama na kamfani ba tare da ya ba da komai ba, ko da yake mai kare tsarin zai ce kamfanin ya tanadi abincin, mai saye ne ya ƙi karɓa, kamar mai hayar ɗakin da bai kwana a ciki ba.

Musulmi yana da ƙarin abin lura a nan, domin tun daga 2018 tsarin ya ba wanda ya kai shekara 21 damar zaɓen barasa a matsayin abin shan da ke cikin tikitinsa. Wanda ba ya sha yana iya zaɓen lemo ko madara, don haka bai sayi haram ba, amma kuɗin da ya biya daidai yake da na mai sha, wanda ke fitar da ƙima mafi yawa daga tikitinsa. Haka kuma wanda ke kauce wa naman da bai tabbatar da yankansa ba, ya taƙaita a kan kifi da ganyayyaki, ya rage wa kansa yawancin abincin da ke sa tsarin ya zama riba.

Duk da haka, ingancin ƙulla ciniki bai kawo ƙarshen magana ba, domin gararin waɗannan tsare-tsare ya bambanta da na kifin kogi ta wata fuska mai muhimmanci. Wanda ya sayi kifin da ke cikin ruwa ba shi da ikon sa kifin ya yawaita, amma wanda ya sayi katin rangwame ko tikitin abinci yana da hanya ɗaya tak ta tabbatar da cewa bai yi hasara ba, ita ce ya ƙara ci. Ke nan rashin tabbas ɗin yana cikin cikinsa ne, kuma maganinsa yana hannunsa, sai dai maganin shi ne ainihin abin da Alƙur'ani ya hana a aya ta 31 ta Suratul A'araf, inda aka halatta ci da sha aka kuma hana wuce iyaka, shi ne kuma abin da hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya yi gargaɗi a kai, inda aka kasa ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Almubazzaranci, wato kashe dukiya ko cinye ni'ima fiye da buƙata, a nan yana zuwa ne da rigar tattali, tunda mai yin sa yana ganin kansa a matsayin mai hana kuɗinsa salwanta.

Masana halayyar tattalin arziki sun bayyana yadda wannan ke faruwa a zuciya. Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, ya nuna tun a 1980 cewa mutane sukan bar kuɗin da ya riga ya tafi, wanda ba zai dawo ba ko me suka yi, ya riƙa juya shawararsu ta gaba. Drazen Prelec da George Loewenstein kuma sun yi bayani a 1998 cewa biyan kuɗi yana da zafinsa a rai, kuma raba lokacin biya da lokacin ci yana kawar da wannan zafi. Kawar da zafin yana da amfani na gaskiya, domin uban da ya biya komai tun daga gida yana iya barin 'ya'yansa su zaɓi abin da suke so ba tare da yana leƙen farashi ba, kuma wannan natsuwa ita ce mafi ƙarfin hujjar masu son tsarin. Amma zafin biya shi ne kuma birkin da ke tsayar da kwaɗayi, kuma ana ganin sakamakon cire shi a teburin cin abinci, inda baƙo kan bi jerin abinci da yatsa ta gefen farashi, ya tsallake miyar da ransa ke so ya zaɓi nama mafi tsada, sannan ya karɓi kayan zaƙi bayan ya ƙoshi saboda suna cikin tikiti. Ana ganinsa kuma a kantin otal a ranar tafiya, inda masu ragowar tikitin abin taɓawa ke tsaye a layi da kwanduna cike da alewa da biskit, suna ƙirga abin da ya rage musu kafin tsakar dare.

Daga nan ne ake iya fitar da ma'auni guda da ya haɗa tambayar fiƙihu da ta tarbiyya, wato a gina lissafi a kan abin da mutum ya saba ci idan yana biya daga aljihunsa, ba a kan iyakar abin da tsarin ya ba shi damar ci ba. Idan cin da iyali suka saba ya riga ya kai ƙimar tikitin ko ya wuce iyakar mayar da kuɗin kati, to gararin ya yi ƙaranci, kuma babu abin da zai tura su ga wuce iyaka. Idan kuwa ribar ba za ta fito ba sai sun sauya al'adarsu, sun ci sau uku a inda sau biyu ke isar su, to gararin ya yi yawa tun ranar ciniki, kuma hanyar kauce wa hasarar kuɗi ta zama hanyar faɗawa cikin ɓarna. Wanda ya riga ya saya, ya ga tikiti na shirin ƙonewa alhali ya ƙoshi, yana iya mayar da shi tsarabar da za a ci a gida ko ya ciyar da wani, domin wannan amfani ne na gaskiya. Idan hakan bai yiwu ba, barin tikitin ya ƙone ya fi sauƙin hasara, tunda kuɗin ya riga ya fita ko an ci ko ba a ci ba, cusa abinci a cikin da ya cika kuwa yana ƙara cutar da jiki da saɓa wa umarni a kan hasarar da aka riga aka yi.