Haƙƙin wadda ke jikin bango

A gidaje da wuraren cin abinci na ƙasar Sin akwai mata huɗu da aka saba ganin zanensu a bango, a kan siliki ko takarda ko tangaram: Xi Shi, Wang Zhaojun, Diaochan da Yang Guifei. Su ake kira kyawawa huɗu na zamanin da. Mai saye yakan dubi launi da zubin tufafi, ya biya, ya rataya. Tambayar da ke damuna ita ce: shin ya dace mu yi ado da fuskar mutum alhali ba mu san abin da ya same shi ba?

Mu ɗauki Wang Zhaojun. A shekara ta 33 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Yuan na daular Han ya aurar da ita ga Huhanye, shugaban makiyayan arewa da ake kira Xiongnu, domin a ƙulla zaman lafiya. Ba ta sake ganin gida ba. Wata tsohuwar ruwaya ta ce sarkin ta hoto yake zaɓen matan fada, ita kuwa ta ƙi ba mai zane Mao Yanshou toshiyar baki, sai ya munana ta. Da ranta hoto ya zalunce ta da muni. Yau kuma yana rufe ta da kyau: jar alkyabba, molo a hannu, fuska ba ko alamar damuwa.

Yang Guifei ma haka. A shekarar 756, lokacin tawayen An Lushan, sarki Xuanzong yana gudu sai dakarunsa suka tsaya a Mawei, suka ce sai an kashe ta. Ya yarda, aka shaƙe ta. A bango, cikin furanni ake nuna ta. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuskar mai zane ne ya zaɓa mata.

Wani zai ce bango ba makaranta ba ne, kuma ba don waɗannan zane-zane ba da jama'a da yawa ba su ko ji sunayen ba. Zai ƙara da cewa Diaochan ma ƙagaggiya ce, littattafan tarihi ba su ambace ta ba. Na yarda, shi ya sa ban ce a sauke hoto ko ɗaya ba. Sai dai biyun nan da na ambata mutane ne, ɗaya an biya sulhu da rayuwarta, ɗaya an kashe wutar bore da ranta. Wanda ya ji daɗin kyansu ya ci bashi, biyansa kuwa bai fi sanin labarinsu ba.

Ranar da yaro ya nuna bango ya ce wace ce wannan, in amsarmu ba ta wuce "wata kyakkyawa ce" ba, to mun kama wa Mao Yanshou aikinsa.