Uban da Ya Kawo Ɗansa: Neman Abinci da Renon Yaro Mai Ciwon Tunani

A cikin Bisharar Markus 9:14-29 akwai wani uba da ba a faɗi sunansa ba, ba a kuma faɗi sana'arsa ba. Abin da aka sani shi ne ɗansa yana fama tun yana ƙarami, ciwon yakan jefa shi a wuta ko a ruwa, almajirai kuma sun gwada sun kasa. Kafin Yesu ya warkar da yaron, sai da ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara. Yaro irin wannan ba a barinsa shi kaɗai kusa da murhu ko rijiya. Ke nan shekara da shekaru wani yana barin gona ko kasuwa domin tsaronsa.

Irin wannan uba, da irin wannan uwa, suna nan a Mubi. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, Boko Haram suka kama garin, suka kuma auka wa hedkwatar EYN a Kwarhi, jama'a suka watse zuwa Yola, da Jos, da kan duwatsun iyakar Kamaru. An ƙwato garin a watan Nuwamba, kasuwa ta sāke ci, an gyara majami'u. Amma yaron da aka ja hannunsa cikin daji yana ɗan shekara 5 ya zama saurayi yanzu, wani kuwa har yau yakan zabura da dare, ko ya ƙi shiga mutane, ko ya faɗa shan ƙwaya. Ba duka ne daga gudun hijira ba. Akwai waɗanda aka haifa da tasu larurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan tunani sukan fara ne kafin shekara 14.

Abu na fari da ke cinye ƙarfin iyaye, tun kafin kuɗin magani, shi ne zargi. A gida a ce laifin uwa ne da ta ɗauki aikin gwamnati. A majami'a a yi raɗa cewa akwai zunubin da aka ɓoye. Almajirai ma sun yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, a Yahaya sura 9, Ubangiji kuwa ya wanke mutumin da iyayensa. Uwar da ta fita neman abinci ba ta yi zunubi ba, domin 1 Timoti 5:8 ya ɗora wa mai bi kula da mutanen gidansa. In ta zauna a gida, da me za a sayi magani? In ta fita, wa zai zauna da yaron? Wanda bai ɗauki wannan kaya ba, gara ya rage yawan shawara.

Nassi bai san hidimar da mutum ɗaya zai ɗauka har ya faɗi ba. A Fitowa 18, Yetro ya ga Musa yana zaman shari'a daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya sa ya raba aikin. A gidaje da yawa rabon ya karkace: uba ya ce shi dai nasa kawo kuɗi, uwa ta haɗa koyarwa ko sayar da hatsi da tsaron yaro dare da rana, ko kuma a cire babbar 'ya daga makaranta ta zama mai reno. Wannan na ƙarshe zalunci ne, ko da an kira shi taimako. A Markus 9 uban ne da kansa ya kawo yaron. Ya kamata miji da mata su zauna su raba ranaku da sa'o'i, a san wanda zai ba da magani da safe, da wanda zai nemi izini ranar ganin likita. Faɗa wa shugaban wurin aiki gaskiya tun da wuri ya fi ƙirƙiro uzuri kowane wata.

Addu'a da asibiti kuwa ba kishiyoyi ba ne. Sa'ad da Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, magana ta biyo baya. Iyayen da suka gaji sukan miƙa yaro ga gidan addu'ar da ya yi alkawarin riƙe shi, su samu su koma bakin aiki. A shekarar 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu ciwon tunani da sarƙa a Nijeriya, har da wuraren da ake kiran sunan Almasihu. Dokar Lafiyar Tunani ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka kuma bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba irin waɗannan marasa lafiya 'yancin a bi da su da mutunci. Fasto ya yi addu'a, ya kuma nuna hanyar likita.

Hanyar ba gajeriya ba ce. Asibitin ƙwararru na gwamnatin tarayya yana Maiduguri. Zuwa Yola kuma ta Hong da Gombi da Song, tafiya da dawowa da jiran layi sukan cinye yini guda ko biyu na aiki. A nan ne ikkilisiya take da abin yi wanda ba ya bukatar babban kuɗi. Zumuntar Mata, wadda ta saba tsara ziyarar masu jego da gidan makoki, tana iya tsara wadda za ta zauna da yaron yini ɗaya a mako. Matasa su yi wa iyalin gayya a gona da damina. Majalisar ikkilisiya ta sa kuɗin mota zuwa asibiti cikin asusun taimako, malamin Makarantar Lahadi kuma ya ajiye wa yaron wurin zama kusa da ƙofa, inda zai iya fita ya dawo ba tare da an kore shi ba.