Zango a Tsakiyar Birni

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8



A tsakiyar birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani babban lambun shaƙatawa da ake kira Central Park. Girmansa hekta 341 ne, an fara buɗe wa jama'a shi a shekarar 1858, dogayen benaye kuma sun kewaye shi ta ko'ina. A watan Afrilu da Mayu, haka kuma a Satumba da Oktoba, tun da sassafe mutane sukan shigo da madubin hangen nesa rataye a wuya, kowa ya ɗaga kai yana duban rassan itatuwa. Tsuntsaye suka zo kallo. A shekara guda akan ga irin tsuntsaye fiye da 200 a wurin, da yawansu kuwa matafiya ne, wucewa suke yi.

Me ya kawo su cikin hayaniyar birni? Yawancin ƙananan tsuntsayen nan da dare suke tafiya. In gari ya waye sun gaji, ga yunwa, sai su duba ƙasa: ko'ina siminti ne da kwalta, ga kuma wani wuri mai itatuwa da ruwa. Sai su sauka su yada zango, kamar fataken dā. Su ci ƙwari, su sha ruwa, su huta, sa'an nan su ci gaba.

Cikinsu akwai wani ɗan tsuntsu da Turawa suke kira blackpoll. Nauyinsa kamar giram 12 ne kawai. Da kaka yakan bar arewa ya nufi Kudancin Amurka, ya yi kwana biyu zuwa uku yana tafiya a bisa Tekun Atlantika, fiye da kilomita 2,000, ba wurin sauka. Kafin ya kama wannan hanya sai ya tsaya ya ci sosai, har nauyinsa ya kusa ninkuwa. Wanda bai ci ba, teku ce kabarinsa.

Annabi Iliya ma ya kai ga irin wannan hali. Bayan nasarar da Ubangiji ya ba shi a Dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, ya gudu zuwa jeji, ya kwanta a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Ka lura da abin da Allah ya yi. Bai tsauta masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa. Ya koma barci, mala'ikan ya sāke tashinsa ya ci, domin tafiyar da take gabansa ta fi ƙarfinsa. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 har Horeb, dutsen Allah.

Ɗan'uwana, ina zangonka? Wataƙila neman abinci ne ya kawo ka birni, ko karatu, ko aure. Tun kafin gari ya waye kana kan hanyar kasuwa, ba ka dawowa sai dare ya raba. Littafi Mai Tsarki yana ƙasan akwati. Ran Lahadi ka ce ranar ciniki ce. Addu'ar da kuke yi da iyali a ƙauye ta zama labari. Ba ka musunci Yesu ba, amma ka daɗe ba ka ci daga hannunsa ba. Ba ka kuwa san tekun da take gabanka ba: ko ciwo, ko rasuwa, ko tsanani saboda bangaskiya, ko jarabar kuɗin haram. A tsakiyar teku ba a neman guzuri.

Akwai kuma wani hatsari. Hasken fitilun birni yakan ruɗe tsuntsayen da suke tafiya da dare. Waɗansu su bugi gilashin benaye su faɗo matattu, waɗansu su yi ta kewaya haske har ƙarfinsu ya ƙare. Kowace shekara ran 11 ga Satumba akan haska manyan fitilu zuwa sama a New York don tunawa da waɗanda suka mutu a harin 2001. In masu lura suka ga tsuntsaye sun taru da yawa a cikin hasken, sai a kashe fitilun na kamar minti 20 domin su sami hanya su wuce. Kai fa, wane haske kake kewayawa? Talabijin ne, ko waya, ko hirar da ba ta da riba? Ka kashe shi na minti 20, ka buɗe Maganar Allah.

A cikin Irmiya 8:7 Ubangiji ya yi kuka da jama'arsa, domin shamuwa ta san lokacinta, su kuwa ba su san abin da yake bukata a gare su ba. Mu da muke ganin shamuwa tana isowa gab da damina kowace shekara, mun san gaskiyar wannan magana. Kada tsuntsu ya fi mu hikima. Gobe da asuba, kafin ka fita, ka sauka a gaban Ubangiji. Ranar Lahadi ka nemi ikkilisiyar da take kusa da kai, ka zauna tare da 'yan'uwa. Yesu ne gurasar rai, ba ya kuwa korar wanda ya zo wurinsa da yunwa.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gaji, na kuma yi nisa ban ci daga Maganarka ba. Ka gafarta mini. Ka tashe ni kamar yadda ka tashi bawanka Iliya, ka ciyar da ni, ka ba ni ƙarfin tafiya har in iso gida wurinka. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.